Jan Fenti a Zauren Malam Gwadabe

Bara'atu na tsugune tana tankaɗen garin tuwo sai ga mahaifiyarta, Inna Laraba, ta faɗo gida ko sallama babu.

"Tashi ki ga aikin angon naki! Tashi mana!"

Ta fita hannu duk gari. A jikin zaurensu, wanda kakanta ya gina tun ana kiran unguwar bayan gari, an shafa jan fenti, alamar rusau.

Ba wanda bai san titi na tafe ba. Rano ta cika ta batse, gonaki sun zama fulotai, motocin kaya na maƙalewa a lungu, da damina kuma ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Kowa na son titi, amma fa ya bi ta gidan maƙwabci. Ga shi Amiru, ɗan garin Kibiya da saura mako uku a ɗaura musu aure da Bara'atu, shi ne mai riƙe wa kamfanin titin ma'auni.

Mahaifinta, Malam Gwadabe, ya dawo daga gona, ya daɗe yana kallon bangon.

"Yaron nan ne ya shafa?"

"Shi ne, Malam," in ji Inna.

"Ya nemi ganina?"

"Ko inuwarsa ban gani ba."

"To, a aika Kibiya a ce maganar aure a dakata."

Bara'atu ta shige ɗaki tana kuka, ta kira Amiru a waya.

"Haba Amiru! Gidanmu? Kuma ko ka faɗa wa Baba?"

"Sori, Bara'atu, wallahi kunya ce. Sau uku ina zuwa, in na hango shi a kan buzunsa sai ƙafata ta ƙi. Yaya zan dubi surukina in ce zaurensa zai tafi? Shi ne na bari sai da ya fita."

Ka ji wauta! Kunyar surukan da ake yabon yaro da ita, ita ce ta kai shi ta baro.

Inna ta fizge wayar. "Kai Amiru, ba ma'aunin a hannunka yake ba? Ka matsar da layin taku huɗu ya koma ta wajen maƙwabciyarmu Jummai, shi ke nan an huta!"

"Inna, ki yi haƙuri. Ku zaure ne zai tafi, ita kuwa ɗakin da take kwana da marayunta ne."

"To ka auri taswirar taka!" Ta kashe.

Kwana biyar Bara'atu ba ta da sukuni. Ga kayan ɗaki jibge, ga ƙawaye sun ɗinka anko suna ta tambaya. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta ce masa ya matsar kawai, taku huɗu ne, wa zai sani? Sai ta jiyo 'ya'yan Jummai ta katanga suna rigimar ƙanzo, ta ajiye. Tsoro take ji sosai, don ta san mahaifinta ba ya magana biyu. Daga ƙarshe ta tura masa saƙo: "Kada ka taɓa layin. Amma ka zo gaban Baba da kanka, kada ka turo kawunka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya zo bayan la'asar, ya cire takalmi tun daga nesa ya tsuguna. Bara'atu ta laɓe a bayan ƙyaure. Malam ya bar shi a tsugune har sai da ya gama jan carbinsa.

"Kai ne mai fenti?"

"Ni ne, Baba. Na yi kuskure da ban zo ba. A gafarce ni."

"Na ji Laraba ta ba ka shawara. To ni ma ga tawa. Ka matsar da layin, gobe a ci gaba da shirin biki. In ka ƙi, ka san sauran."

Bara'atu ta toshe baki da mayafi.

"Baba," in ji Amiru, "Allah ya sani ina son ta. Amma ba zan iya ba. Sai dai in yi ta zuwa ina roƙo."

Malam ya ajiye carbi. "Da ka ce to, da yau ka yi sallama da gidan nan. Mai rushe ɗakin marayu don ya sami mata, wata rana matar zai rusa. Zaure ƙasa ce, garin ma namu ne, mu ma muna son hanya. Abin da ya ƙona mini rai, a shafa mini fenti kamar kangon da ba kowa. Tashi, Allah ya yi muku albarka."

Bara'atu ta zube a bayan ƙyaure tana kuka, Inna kuwa ta kama sharar da ba a sa ta ba.

An ɗaura aure ranar da aka sa. Bayan kwana goma katafila ta zo, Malam ya tsaya har bango na ƙarshe ya faɗi, ya share ido da bakin rawani. Ya yi rashi, ba ƙarya, domin gari ba ya girma sai wani ya matsa. Amma ku 'yan mata ku riƙe wannan: namijin da ya yarda ya rasa ki don kada ya zalunci wani, shi ne wanda ba zai zalunce ki ba.