Cokalin Farko na Hakim Fazal

Sufeto Mazhar Janjua bai kai rabin kofin shayinsa ba aka bugo waya cewa Hakim Fazal Karim, mai maganin gargajiyar nan na bakin kasuwa, ya yanke jiki ya faɗi a saman benensa, kuma rai ya yi halinsa. Ya ajiye kofin ya ɗauki hula. Babu gida a garin Kallar Kahar da bai taɓa shan maganin tsohon ba, har da nasu.

Kafin ya isa, unguwa ta riga ta yanke hukunci, don mutanenmu ba sa jiran likita. An yi cincirindo a ƙofar gida ana nuna wata tsohuwa da ta tsuguna a gindin bango ta rufe fuska da mayafi. Inna Sughran ce, wadda ta shekara talatin tana tsinko wa Hakim furen wardi.

"Saje Liaqat, sa ta a mota," in ji Sufeto.

"Kama ta muka yi, yallaɓai?"

"Ɓoye ta muka yi. In ta ƙara minti goma a nan, gawa biyu za mu ɗauka."

A saman bene, tulunan tangaram goma sha biyu ne jere a jikin bango, kowanne an ɗaure bakinsa da farin ƙyalle, na farko kaɗai aka buɗe. Gulkand ne a ciki, furen wardi da ake jerawa da sukari a bar wa rana ta dafa shi kwana arba'in, ana shan sa don ƙuna a ciki da sanyaya jiki. Cokalin katako yana yashe a ƙasa. Kusa da shi Tanvir ne tsaye, ɗan marigayin guda ɗaya tilo, mai ƙaramin kamfani a birni da ke ɗura ruwan magani a kwalabe da hoton uban a jiki.

"Allah ya jiƙansa," in ji Sufeto. "Me ya faru?"

"Yau aka cika kwana arba'in," in ji Tanvir, yana share ido. "Ka san al'adar Abba. Ba a sayar wa kowa sai shi ya ɗanɗana cokalin farko. Ya kai baki ya ce akwai ɗaci. Maimakon ya tofar, sai ya ƙara, wai sai ya gane ɗacin mene ne. Ya ƙara na uku. Daga nan ya ce kaner ne, can kuma ya dafe ƙirji."

Kaner shi ne itacen nan mai jan fure da aka shuka a bakin titi, wanda ko akuya ba ta kallonsa saboda gubarsa.

"Ta yaya kaner ya shiga tulun?"

"Idon Inna Sughran ya mutu, ranka ya daɗe. Na sha ce wa Abba ya sallame ta, ya ƙi. Ja dai ta gani ta tsinko."

"Kai kana hawowa nan?"

"Ni? Rabona da saman nan tun ina makaranta."

Aka tafi da gawa asibiti, aka ɗauki tulun zuwa ofis. Ko zama Sufeto bai yi ba babban jami'insu ya bugo. Gari ya ɗauki zafi, in ji shi, don haka zuwa la'asar a rubuta wa tsohuwar tuhuma a miƙa ta kotu. Mace mai shekara sittin da biyar, in ta shiga kurkuku, a makara za ta fito, kuma Sufeto ya san haka sarai.

Ya sa aka kawo mata ruwa, ya zauna gabanta.

"Inna, an ce ba kya gani."

"Ido ya tafi, ɗana. Amma hanci ai bai bi shi ba." Ta miƙo hannuwanta, duk tabon ƙaya ne har wuyan hannu. "Wardi cizo yake yi kafin ya ba ka fure. Kaner ba shi da ƙaya. Ko a kabari aka miƙo mini su zan raba."

"Hakim ya yi faɗa da wani kwanan nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Ni ban ji komai ba."

Ƙarya take yi, kuma ba ta iya ba, baiwar Allah. Sufeto bai matsa mata ba. Ya jawo tulun ya kai mata kusa da hanci. Kumfa ce ta taso a samansa, da wani ɗan tsami-tsami.

Ta ja da baya. "Subhanallahi! Wa ya sa ruwa?"

"Ruwa kuma?"

"An wanke furen da ke sama. Furen gulkand ba ya ganin ruwa, ko raɓa sai ta bushe. Ɗigo ɗaya sai ya tsamama tulu. Rannan da wata ta wanke kwando guda, Hakim kuka ne kawai bai yi ba."

"To wa zai wanke fure?"

"Wanda ya tsinko shi a bakin titi ya ga ƙura," in ji Saje Liaqat daga bakin ƙofa. "Ko ɗan boko mai son tsabta."

Da jin haka Inna Sughran ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da azahar, sa'ad da maza suka tafi masallaci, Sufeto da Saje suka koma saman benen. Suka kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ya yi kumfa, na uku ma haka. Daga na huɗu zuwa na ƙarshe lafiya lau suke, jawur, ƙamshi har yana sa yawu ya tsinke.

"Uku?" in ji Saje. "Wannan ai gari yake so ya kashe."

"Mutum ɗaya yake so, amma bai san wanne tsohon zai fara buɗewa ba, sai ya rufe duk na gaba. Ɗaure su yadda suke. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, kai ne."

"Ni da ko matata ba ta san albashina ba, yallaɓai."

Suna saukowa aka kawo kayan da aka samu a aljihun marigayin daga asibiti: carbi, tabarau, da wata takarda a ninke. Rubutun Hakim ne, sanarwa da ya shirya a karanta a masallaci ranar Juma'a. Ya ce kwalaben da ake sayarwa da hotonsa, ana cewa suna wanke jini suna hana tsufa, ruwan sukari ne da kala, babu fure ko ɗaya a ciki, kuma shi ba ruwansa da su duniya da lahira. Sufeto ya karanta sau biyu. Yau kuwa Laraba ce, saura kwana biyu.

Ana kiran la'asar ya aika aka kira Tanvir saman bene, tare da dattawan unguwa uku.

"Mun ɗauke tulun da ke da guba," in ji Sufeto. "Amma mutane suna tsoron sauran, har ana cewa a fasa su. Aikin mahaifinka na ƙarshe ke nan, ban so ya tafi a banza. Kai ne magajinsa, cokalin farko naka ne yanzu. In ka ɗanɗana, kowa zai saki jiki."

"Gaskiya ne," in ji wani dattijo. "Haka aka gada a gidan nan."

Tanvir ya gyara wuyan riga. "Wannan ai ba wani abu ba ne."

Ya karɓi cokalin katako. Tulu na biyu yana gaban ƙafarsa, ya wuce shi. Ya wuce na uku. Ya durƙusa gaban na huɗu ya kama kwance ƙyalle.

"Malam Tanvir, me na biyu ya yi maka?"

Hannunsa ya tsaya. "Wannan ya fi nuna."

"Ta cikin tangaram ka hango? Kai da rabonka da nan tun kana makaranta?"

Sufeto ya karɓe cokalin, ya kwance tulu na biyu, ya ɗebo daga sama ya miƙa masa har saitin baki.

"Bismillah."

Gumi ya karyo wa Tanvir, ya kawar da kai kamar yaron da ake wa ɗura.

"Babu wanda na gaya wa tulu uku ne," in ji Sufeto a hankali. "Daga ni sai Saje, sai wanda ya zuba."

Tanvir ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya ga takardar uban a hannun Sufeto, sai bakinsa ya buɗe.

"Na roƙe shi. Wallahi har ƙafarsa na kama, a gaban Inna Sughran. Na ce Abba, ma'aikata ashirin ke ci a ƙarƙashina, ka bar ni zuwa baɗi in gyara. Ya ce gara ya mutu da a sha ƙarya da sunansa. Ni so na yi ya kwanta ciwo Juma'ar ta wuce. Cokali ɗaya yake sha kullum! Wa ya ce ya ƙara?"

"Ita kuma tsohuwar da ka ɗora wa?"

Tanvir ya sunkuyar da kai. Saje ya sa masa ankwa.

Motar tana ƙofar gida, Inna Sughran na zaune a baya, don da a ce Sufeto ya kasa gano gaskiya, daga nan kotu za a wuce da ita. Ya buɗe mata da kansa, a gaban mutanen da suka zage ta da safe.

"Sauko, Inna. Ba ki da laifi. Je ki gida."

Ta sauko tana laluben ƙofa. Da ta ji ƙarar ankwa ta matso, sai ta miƙa hannu ta shafa fuskar wanda aka riƙo, ta gane shi.

"Wayyo Allah," ta ce, ta kama hannun rigar Sufeto. "Da ka bar shi a kaina, ɗana. Ni kwana nawa ya rage mini? Ni na goye shi ranar da uwarsa ta rasu. Hakim ba shi da wani sai shi."

Sufeto ya zare hannunta daga rigarsa a hankali. Aka tura Tanvir kan kujerar da ta tashi, aka rufe ƙofa, mota ta ja, ita kuwa tana tsaye a tsakiyar titi tana kiran sunansa.