Gishiri a Gurbin Ƙararrawa

"Barci ka yi, Barasa! Kada ka raina mini hankali."

"Uwargida Zuhura, idona biyu. Ko ɓera bai wuce ni ba."

"To fiffike ta yi ta tashi?"

Sufeto Mwakio ya bar akawu Zuhura da maigadi Barasa suna cacar baki, ya tsura wa ƙugiyar bango ido. A nan ƙararrawar take rataye, ta jirgin ruwan farko da kamfanin Hamashio ya turo Mombasa tun zamanin kakanni, ya sauke yadi ya kwashi auduga. Yanzu manya a hedkwatar kamfanin da ke Kobe sun ce a rufe ofishin, a aika musu da ita. Da safe aka zo ɗaure ta, aka tarar da wayam.

Ba a fasa ƙofa ba. Saboda haka shugaban caji ofis ya sa aka rufe Barasa kafin azahar, bai ko nemi jin bakin Mwakio ba. Matar maigadin ta zo ta zauna a dakalin caji ofis, ta ƙi tashi.

Mwakio ya birkice ɗakin Barasa a Changamwe, bai samu komai ba. Ya zaga masu sayen ƙarafa, kowa ya rantse bai gan ta ba. Zuhura tana da makulli, amma biki ta je Likoni, rabin unguwa sun ga rawarta. Washegari ya koma ofishin, kansa na sarawa.

A ƙarƙashin ƙugiyar ya ga igiya a naɗe tsaf. Kusa da ita, ɗan faranti da gishiri an tsira shi kamar tsauni.

"Wa ke girki a nan?"

Zuhura ta taɓe baki. "Na manaja ne, tsohon nan da muke ce wa Mzee Kuramoto. Idan jirgi zai tashi yakan ajiye, wai don a sauka lafiya."

"Wane jirgi ya tashi shekaranjiya?"

Rabon kamfanin da jirgi a tashar nan an daɗe.

Mwakio ya iske tsohon manajan a ofishinsa yana haɗa kaya.

"Mzee, ɓarawo yanke igiya yake yi, ba ya kwancewa ya naɗe. Kuma ban taɓa ganin wanda ya yi wa kayan sata fatan sauka lafiya ba. Ina take?"

Kuramoto ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi.

"Maƙabartar baƙi. Na binne ta a gefen kaburburan matuƙan jiragenmu."

"Dalili?"

"A Kobe gilashi za su sa ta, masu wucewa su yi hoto. Waɗanda suka buga ta a nan suke kwance, Sufeto. Zazzaɓi ya kwashe su, ba wanda ya koma gida."

"Yaya ka wuce maigadi?"

Muryar tsohon ta yi ƙasa. "Shi ya kai mini kwalin mota da yamma. Bai tambayi me ke ciki ba."

Mwakio ya juya. Ya leƙa taga. Jiragen wasu kamfanoni ne ke shiga da fita.

"Matattunku sun samu ƙararrawarsu," ya ce. "Shi kuma mai ran da ya ɗaukar maka kwali, har yaushe ka yi niyyar barinsa a rufe?"