Abarbar Bakin Taga

A sakatariyar Dutse Mahbuba ta fara ganinsa, shekara uku bayan ƙaddamar da shari'a. Ta kai takardar neman aikin koyarwa, ta tarar da wani matashi yana zuba ruwa a tsakiyar ganyen wata shuka mai ratsin ja da ke cikin tukunya.

"Malam, ai a gindi ake ba shuka ruwa."

"Wannan ta nan take sha," in ji shi. "Abarbar ado ce, daga Kudu na taho da ita. Sunana Musaddiq."

Wata huɗu yana zuwa zance unguwar Yalwawa bayan la'asar, Gwaggo Larai da ta rene ta tana zaune gefe. Ranar da ya nemi izinin turo magabata, da tukunyar ya zo.

Mahaifinta Malam Zailani tsohon manomin Aujara ne, kuma ya riga ya sallami manemanta uku ba tare da dalili ba. Ya dubi shukar.

"Ana cin 'ya'yanta?"

"A'a, Baba."

"Mai renon abin da ba a ci, da me zai riƙe mace? Bar ta nan. In ta haihu a gidan nan, ka dawo."

Ya faɗa ne bisa tabbacin abarba ba ta yi a ƙasar gero.

Mahbuba ta ajiye ta bakin taga, inda haske ke shiga ba zafin rana. Ta tara mata ruwan sama, duk mako ta zubar da tsohon ruwan tsakiyarta. Saƙon Musaddiq kan zo ta wayar Gwaggo:

"Hasken idona, kada ki cika mata ruwa. Taɓa ƙasar tukuna. Ina jira."

Ta amsa: "Malamina, ta yi sabon ganye biyu. Ni ce dai na rame."

Sai bayan wata goma sha huɗu ɗan abarba ya fito, bai fi ƙwan kaza ba. Kafin ya nuna, ganyen uwar ya soma bushewa. Malam Zailani ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe.

"Ta haihu, tana mutuwa," ya ce. "Haka mahaifiyarki Huseina ta yi ranar da kika zo duniya."

A nan Mahbuba ta gane abin da ya kori mutum uku. Ta rubuta: "Kada ka zo. Ba kai Baba yake ƙi ba, tsoro yake ji."

Duk da haka, washegari Musaddiq ya zo. Ya durƙusa ya ɗaga busassun ganyen, sai ga tsiro kore a gindi.

Tsohon ya ce, "Za ka rantse mini ba zan binne ta ba?"

"Ba zan iya ba, Baba, rai na Allah ne. Amma awon asibiti ba za ta rasa ko ɗaya ba."

Malam Zailani ya taɓa tsiron da yatsa.

"In aka bar shi nan fa?"

"Zai rayu, amma ba zai yi girmansa ba. Sai an ba shi tasa tukunyar."

Tsohon ya zaro wuƙarsa ta gona. Ya yanke tsiron daga gindin uwar, yankan ya fita daidai.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ranar kai amarya unguwar Takur, Malam Zailani ne ya miƙa mata sabuwar tukunyar a mota.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya raya ki ki ga naki."

Busasshiyar uwar kuwa bai bari an zubar ba. Tana nan bakin tagarsa.