Wuyan Babur Ɗin Ibrah

Hantsi bai gama ɗagawa ba wani mai raƙumi ya iso barikin Filinge, ya ce ga mutum can kwance a hanyar Bonkuku, babur a kansa.

Sufeto Sahabi ya ɗauki gardi Ango, ɗan sandan da ke rakiyarsa, suka tafi. Mamacin ba baƙo ba ne. Ibrah ne ɗan Maidawa, mai yi wa shanu allura. Ranar ya kama hanyar Yamai, daga can zai wuce Bamako karatun likitan dabbobi.

Babu sawun mota, babu na dabba. Hanya ta yi kwana, babur ya ƙi yi, ya miƙe ya daki gindin gawo.

Sahabi ya taɓa riƙe irin wannan tsohon babur, ya san halinsa. Ya sa Ango ya ɗaga tayar gaba. Lafiyayyen babur in ka tura kansa da yatsa, sulalewa yake gefe da kansa. Wannan cijewa ya yi.

Ya kwance notin wuya, wanda duk gefensa ya sha sara. Ƙananan ƙwallayen ƙarfen da wuya ke juyawa a kansu ba su cika zobensu ba, kuma ba faɗuwa ce ta zubar da su ba, don a rufe suke. Ya lakato man da ke ciki ya shinshina. Ba giris ba ne, kitsen rago ne.

Makanike ɗaya ne a Filinge, Garba na bakin kasuwa, mutumin da in an gaishe shi ma sai ya rantse. Sahabi ya same shi a wurin aikinsa.

"Yaushe rabonka da babur ɗin Ibrah?"

"Wallahi tun bara, ranka shi daɗe."

Sahabi ya ajiye notin a kan tebur. "Ba ni sifanar da ke kama wannan."

"Ban da ita."

"Na sani. Da ƙusa da guduma kake ɗaurewa. Wannan saran na bara ne, yake ƙyalli haka?"

Garba ya ce, "Da sahe yab biyo. Yac ce wuya na kaɗawa in ya taka birki. Nic ce mu buɗe mu gani, yac ce rana na yi mai. Nit tamke mai noti har kaɗawar ta ɓace."

"Ka san wuya in ya tamke da yawa ba ya juyawa cikin rairayi?"

"Na hwaɗa mai shi bi sannu. Amma ban buɗe ba, na rantse."

"Wa ke sa kitse a madadin giris?"

"Ba ni ba. Wagga dabara ta tsohin soja ce."

Da la'asar, bayan an kai Ibrah makwancinsa, Sahabi ya shiga gidan Maidawa. Ya fara da Bintu matar mamacin, tana zaune a bayan zana.

"Ina babur ke kwana?"

"Zauren Baba."

"Wa ya taɓa shi jiya?"

"Ba kowa."

"An yanka rago na bankwana?"

"An yanka."

"Kitsen fa?"

"Mun soye shi."

"Duka?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Baba ya amshi kaɗan. Yac ce kaushi zai shahwa."

Maidawa tsohon soja ne, ya yi yaƙin Turawa yana gyara musu motoci. Masu gaisuwa duk suna cikin inuwar zaure, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, cikin rana, kowa sai ya raɓa shi ya wuce. An yi an yi ya matsa, ya ƙi.

Sahabi ya tsaya yana kallonsa, sai gida ya faɗo masa a rai. Ranar da ya bar Dogonduci, uwarsa ta bi shi har bakin ƙofa ta kwashi ƙasar sawunsa ta binne a nan, wai don ƙafarsa ta dawo da shi. Har yau bai koma ba. Kewarta ta kama shi.

Ya durƙusa. "Baba, Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, ɗana."

"Kai ka koya wa Ibrah babur?"

"Ni. Amma hannuna ya bar ƙarhe tuntuni."

"Mu ga hannun."

Baƙin mai ne cunkushe a ƙarƙashin faratansa. Ƙafafunsa kuwa kaushi har ya dare, ba su ga kitse ba.

"Baba, ɗaga buzun nan."

Tsohon bai yi gardama ba. Ya janye buzun, ya tone sabuwar ƙasa da yatsunsa, ya zaro ƙullin tsumma. Ƙwallayen ƙarfe ne a ciki.

"Me ya sa?" in ji Sahabi.

"Ɗiya biyu gare ni. Babban, Tanne, Turawa sunka kai shi yaƙin Andoshin, ko rigatai ba ta dawo ba. Wanga kuma yac ce Bamako. Nic ce shi bari a yanke hatsi. Yac ce Baba, makaranta ba ta jiran hatsi."

"Sai ka buɗe wuyan."

"Nic cire kaɗan, nib bar noti sako-sako. Mai babur duk in ya ji wuya na kaɗawa, tsayawa shikai. Ni na koya mai haka da bakina. Nic ce za shi buɗe shi ga sun ɓace, shi aika Yamai a kawo wasu, kahin su zo damina ta rufe hanya. Su kuma nib bizne su nan, don ƙahwatai ta liƙe ga gida."

"Ya ji kaɗawar. Ya je Garba ya tamke masa."

Maidawa ya runtse ido. "Ashe sauri shikai har haka. Ban san ya ƙagu shi bar ni ba."

Sahabi ya so ya ce masa ba haka ba ne, cewa yaro na iya tafiya yana son gida, amma aikinsa ba wannan ba ne.

"Baba, dole in tafi da kai."

Ango ya fito da ankwa, Sahabi ya girgiza masa kai. Tsohon ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya dubi gabas inda maƙabarta take.

"Na roƙi Allah yarona shi zamna Hilinge," ya ce. "An ba ni."

Ya saɓa buzun, ya shige gabansu.