Wayar da Ta Shaƙe Injiniya

Saura kwana uku Injiniya ta zauna babbar jarrabawar haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, shi ya sa ta tsaya ita kaɗai a ofis bayan an tashi, tana gwaji da tsofaffin na'urori. Kwatsam fitilunsu suka mutu. Da ta leƙa baya, sai ga wani mutum a tsugune yana tsintsinka wayoyi.

"Malam, wa ya buɗe maka?"

Ya zabura ya naɗe mata waya a wuya, ya gwara kanta da bango har hancinta ya fashe. Ta caka masa sukundireban da take aiki da shi a ciki, ko gezau bai yi ba. Numfashinta na sarƙewa, ta lalubi wayar za ta fizge. Ashe daga cikin naman hannunsa take fitowa.