Rudun da Ba a Zuba Wa Albasa

Ana gab da kiran magariba, Halilu na tsugune a gindin randa yana alwala, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗakin mahaifiyarsa Inno, ƙau, ya gangaro tsakar gida. Ba dutse ba ne. Kan tafarnuwa ne, fari fat, irin wadda ya haƙo da hannunsa a fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Kafin ya miƙe na biyu ya sauka, na uku ya kifar da murfin tukunyar miya. Kaji suka yi tsit. Ya leƙa bayan katanga da zagi cike da bakinsa, amma ko akuya babu a wurin.

Inno ta ɗauki guda, ta juya shi a hannu, ta daɗe tana dubansa.

"Halilu, mi kaz zuba cikin rudun ubanka?"

Halilu ya shuri buta ya wuce masallaci.

Wata uku ke nan garin ba shi da zance sai na kanti. Wani kamfani ne mai rassa a manyan birane, ba ya sayar da komai sai kayan abinci na 'yan gayu: zuma a kwalba, man shanu tatacce, garin tafarnuwa, shinkafa 'yar gida an tsince ta an ƙulle a leda mai hoto. Wasu suna cewa a Goronyo zai buɗe sabon reshe, wasu suna rantsuwa Wurno za shi. Filin da wakilin kamfanin ya gani ya yaba kuwa na Halilu ne, a bakin titi, inda rudunansa bakwai suke tsaye, wato rumbunan kara da ciyawa da ake adana albasa.

Ba filin ne ya dami Halilu ba. 'Yarsa Sauda ce. Shekara huɗu da gama difiloma tana zaune a gida, ta rubuta takardar neman aiki har ta gaji, ta daina fita biki don kada a tambaye ta. Wakilin ya ce in suka karɓi filin, Sauda ce za ta kula da sashen kayan yaji. Ran nan Halilu ya ga haƙoran 'yarsa, abin da ya manta rabon da ya gani.

Sai dai rudu na bakwai ba a taɓa zuba masa ko kan albasa ɗaya ba. Tun shekarar da ruwan madatsa ya ci ƙauyensu suka dawo gari, mahaifinsa Mode ya gina shi, ya ɗaure ƙofarsa, ya ce a riƙa sake masa ciyawa duk shekara, a bar shi wofi. Bai faɗi dalili ba har ya koma ga Allah. Halilu ya ɗauki abin shirmen tsofaffi. Da wakilin ya ce zai dawo ranar Alhamis ya ga tafarnuwarsa kafin a share filin, sauran rudunan kuma sun cika maƙil, sai ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya zube buhu goma sha biyu a ciki. Cikin duk abin da ƙasa ke fitarwa, wai tafarnuwa ya ga damar zubawa a ciki!

Washegarin ranar da aka yi jifan, da yamma, Sauda tana tankaɗe gari ta ajiye rariya. Ta tashi ba mayafi, ta ratsa titi, ta zauna a ƙofar rudun. Maza huɗu suka kasa ɗaga ta. Ba ta ci, ba ta sha, idanunta jajur, hawaye na zuba ba tare da kuka ba.

Ranar Laraba bayan la'asar Malam Jelani ya iso daga Wurno, dattijo mara yawan magana, ɗan gidan malamai. Ya shimfiɗa buzunsa a gabanta ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ja. Motocin titi ma kamar sun ɗauke. Can Sauda ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ba kurma nike ba."

"Ke wa ta? Musulma ko kahira?"

"Musulma. Tambayi wanga da ke tsaye bayanka, wanda yac ci amanar ubanshi. Ni baƙuwar Mode ta. Ranar da ruwa ya rufe tsaunin da muke, shi yag gan mu bakin hanya da ɗiyanmu, yac ce mu biyo shi. Kwana huɗu jikokina na kuka, wanga wari ya cinye musu idanu. Kuma na ji gobe za a rushe."

Malam ya ɗaga hannu don Halilu ya yi shiru, amma ina! Zuciya ta riga ta zo masa wuya.

"Ruwa ya ci gidanku? Mu gidanmu tsallake shi yay yi? Gonar kakana tana ƙasan ruwa, kabarin ƙanena yana ƙasan ruwa, wa yab ba mu haƙuri? Shekara nawa kuna kwana cikin hilina, sau ɗaya da arziki ya leƙo ɗiyata kun tare ƙohwa! Ɗiyata mi tay yi miki?"

"Kai mi jikokina sunka yi maka?"

Malam Jelani ya ce za a gina mata sabon rudu a fadama. Ta yi wata dariya mai ɗaci, ta ce wa zai kai yara inda ruwa ke zuwa duk ranar da aka buɗe ƙofofin madatsa. An tashe su sau ɗaya, ba za a yi na biyu ba. Ya ce zalunci take yi, yarinya ba ta da laifi, kuma in ya ci gaba da karatu ƙonewa za ta yi. Ta ce masa bismilla.

Malam ya ja Halilu gefe.

"Ina iya hidda ta da ƙarhi," in ji shi. "Amma yarinyar ga ba ta sa komi a baki ba tun jiya, ban san wa zai riga karyewa ba. Kuma alkawali, alkawali na, ko da wa anka yi shi."

Halilu ya dubi 'yarsa. Leɓunanta sun tsage, wuyanta ya langaɓe. Cikin haushi ya rantse rudun zai tsaya muddin yana numfashi. Da kansa ya shiga ya yi ta jido buhunan yana wurgi da su, yana huci, bai bari kowa ya taya shi ba. Da ya ɗaure ƙofar da sabuwar igiya, Sauda ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin Inno, ta ce a ba ta ruwa.

Ranar Alhamis da hantsi wakilin ya zo. Halilu ya ce shida zai rushe yau ɗin nan, na bakwai kuwa ba zai taɓu ba. Mutumin ya ce ai nan ne tsakiyar kantin. Ya tambaya, cikin dariya, ko wani babban mutum ne ke kwana a ciki. Daga nan ya naɗe takardunsa, motar ta kama hanyar Wurno.

Halilu ya juya, ya ga Sauda tsaye a ƙofar zaure, ta dafa bango. Ta ji komai, Inno kuma ta gaya mata sauran.

"Don ki rayu niy yi, Sauda," ya ce.

"Na sani, Baba." Ba ta ɗaga murya ba, amma bai taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarta ba. "Ita an tambaye ta inda take so ta zauna, har an roƙe ta. Da bakina anka yi shawarar duka, amma ni ba wanda yat tambaye ni."