Ƙulli Na Uku

"Ƙosai biyu, Jucélia."

Ludayin ya suɓuce min ya faɗa cikin manja. Ko a kabari na san muryar nan!

Edivaldo ne. Shekara huɗu rabona da shi, yau ga shi a gaban teburina, ƙofar cocin Bonfim. Ya yi ƙiba abinsa, wata doguwar mace na riƙe da hannunsa tana ɗaukar hoton teku.

"Matata ce, Rosimeire... Na kawo ta ta ga garinmu Bahia."

Matarsa!

Ranar da zai tafi São Paulo neman aiki, a nan ya ɗaura min siririn ƙyallen Bonfim a hannu. Ƙulli uku, kowane ƙulli da roƙonsa. Ba a kwancewa, ba a yankewa, sai ya tsinke da kansa roƙo yake karɓuwa. Da shi nake wanka, da shi nake niƙan wake.

Yau da safe ya tsinke. Har rawa na taka a tsakar gida, ni sakarya, na ɗauko farar rigata ta biki.

Da matar ta matsa wajen masu tallar ƙyalle, ya rage murya.

"Mama ta ce min kin yi aure, zuciyata..."

"Dona Zuleide? Wadda ta rantse ɗanta ba zai kwana da warin manja ba? Ita ka yarda da ita?"

"Jucélia, don Allah..."

"Kar ka ƙara ce min zuciyata. Da yaji ko babu?"

Ya sunkuyar da kai. Na tsaga ƙosan, na cusa jatan lande. Wallahi har a lokacin ina sonsa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Sai ga matar ta dawo da shuɗin ƙyalle tana dariya, baiwar Allah ba ta san komai ba.

"'Yar'uwa, ɗaura min mana! Wai da gaske yana aiki?"

"Yana aiki," na ce. "Ni na roƙa a dawo min da wani mutum garin nan, kuma ya dawo."

"Kai, kin yi sa'a!"

Na ja ƙulli na ɗaya, na ja na biyu. A na uku na dakata, hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

"Wannan ki yi a hankali, uwargida. Ki faɗi komai dalla-dalla. Ni na manta ban ce ya dawo shi kaɗai ba."